A Bar Mu Mu Hau Keke, Amma A Ɗora Mu Kan Hanya



Da aka ce ajinmu ya kawo abin da za a sa a ɗan littafin bana, mun daɗe muna gardama. Wasu suka ce a yi magana kan tsabta, wasu suka ce kan ladabi, sai wani daga bayan aji ya ce: "Ku dai ku faɗi abin da ke cin ranmu mana." Kowa ya yi shiru, don duk mun san abin da yake nufi. Maganar keke ce.

Wanda bai sani ba, ga yadda abin ya faru. Bara, a hutun ƙarshen Disamba, wasu daga cikinmu suka fita da kekuna bayan la'asar, ba tare da sun gaya wa kowa ba. A kan gudron, wani abokinmu ya kama bayan babbar mota don ta ja shi, kamar yadda muke ganin wasu yara suna yi. Motar ta taka birki, ya faɗi, hannunsa ya karye, ya yi wata biyu ba ya iya riƙe alƙalami. Allah ya tsare, abin ya tsaya a hannu. Daga ranar gidaje da yawa suka kafa doka: keke daga gida sai makaranta, daga makaranta sai gida, in ba aike ba. Wasu ma aka ɗaure kekensu da sarƙa a zaure, har yau yana nan yana shan ƙura.

Ba mu ga laifin iyayenmu ba. Wanda ya ga ɗansa a kwance a likita ba zai so a ƙara ambata masa keke ba. Laifin namu ne, kuma mun amsa shi. Amma shekara ta zagayo, mun yi tunani, mun kuma gwada wani abu da izinin wasu iyaye da rakiyar malaminmu ɗaya. Ra'ayinmu shi ne hanin nan ya yi aikinsa, lokaci ya yi da za a musanya shi da tsari. Yawon keke a hanyar da aka sani, a lokacin da aka sani, tare da babba, yana da amfanin da zama a gida ba zai ba mu ba.

Mu fara da faɗin gaskiya kan abin da ya maye gurbin keken. Tun da aka hana fita, ina yaran suke ranar Asabar da Lahadi? Wasu suna kwance a ɗaki da salular yayansu tun hantsi har azahar. Wasu suna bakin fada, suna jiran a aike su sayen sukari da gawayi, suna jin maganganun da ba na shekarunsu ba. Wasu kuma, kuma wannan ya fi ba mu tsoro, sun koma roƙon ƴan kabu-kabu su ba su babur su ɗan zagaya. Yaron da aka hana keke mai tafiyar kilomita goma sha biyu a awa, ya koma koyon babur a ɓoye. To wanne ya fi haɗari? Ƙarfin da ke jikin ɗan shekara sha huɗu sai ya sami inda zai fita. In ba a buɗe masa ƙofa ba, zai haura katanga.

Abu na biyu da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne kunyar da muka ji a aji. Malamin tarihi ya tambaye mu wa ya taɓa zuwa Tirmini. Mu talatin da wani abu, mutum biyu suka ɗaga hannu, su ma biki ne ya kai su. Ya tambaya wa ya taɓa zagaya Birni da ƙafa ko da keke don ya duba inda ganuwa ta bi. Babu ko ɗaya. Amma da ya tambayi sunayen ƴan ƙwallon Sipaniya da Ingila, kowa yana rige-rigen ba da amsa. Mun san sunan filin wasa a Madrid, ba mu san sunan ƙauyen da mai kawo mana nono take fitowa ba. Wallahi wannan abin kunya ne gare mu. An haife mu a Damagaram, garin da ya taɓa zama babban birnin ƙasar Nijar tun daga 1911 har 1926 kafin a mayar da shi Yamai, amma mun zama baƙi a cikinsa.

Yadda muka nemo hanyoyin

Da farko mun ɗauka salula za ta yi mana aikin. Muka buɗe taswira, ta nuna mana gudron da manyan hanyoyi, shi ke nan. Ba ta san inda rairayi yake da zurfi ba, ba ta san inda ƙaya ta cika ba, ba ta san gidan da ke da karnuka ba, balle ta gaya mana inda rijiya take. Sai Malam ya yi dariya ya ce: "Ku ajiye wannan, ku je ku tambayi masu hanya." Matambayi ba ya ɓata.

Masu hanya kuwa suna nan kewaye da mu, mu ne ba mu taɓa kula su ba. Akwai mata masu tallar fura da nono da ke shigowa gari kowace safiya. Akwai masu amalanke da ke kawo itace da kara. Akwai ƴan garka masu ɗauko salati da tumatir a bayan keke tun kafin rana ta fito. Sai kuma mai faci na bakin kasuwa, wanda ya fi kowa sanin mugunyar hanya, don duk tayar da ƙaya ta huda wurinsa take zuwa. Wani dattijo mai amalanke da muka tare, muka gaishe shi muka ce: "Baba, wace hanya ce keke zai bi ba tare da mun yi ta turawa ba?" Ya sauko, ya zana mana a ƙasa da sandarsa, ya ce mu bi sawun ƴan garka, mu bar sawun shanu, don inda shanu suka bi ƙasa ta tashi. Wannan darasi bai cikin kowane littafi da muke da shi.

Muka sayi ɗan littafin rubutu, muka sa masa suna littafin hanya. Duk inda muka je sai mu rubuta lokacin da muka tashi, lokacin da muka isa, inda akwai inuwa, inda akwai ruwa, inda akwai masallaci, da inda muka sauka muka tura. Ga huɗu daga cikin abin da ke ciki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Zagayen Birni da Zango

Wannan ta ƙanana ce da masu koyo, ba ta fita gari. Ana tashi bayan sallar asuba, kafin ƴan kabu-kabu su cika titi. A bi ta gaban fadar Sarkin Damagaram, a sauka a tura keke don girmamawa, a shiga lungunan Birni a hankali ana kallon gidajen ƙasa masu zane a fuska da zankwaye a sama. A nemi guntayen ganuwar da Sarki Tanimun ya gina a ƙarni na 19, a tambayi dattawan unguwa inda ƙofofi suke a da. Sannan a gangara Zango, inda fatake suke sauka a zamanin ayarin raƙuma. Mun sha wucewa ta waɗannan wurare a bayan babur, amma sai da muka bi su a kan keke muka gane cewa manyan duwatsun nan da gidaje suka jingina da su abin kallo ne. Baƙi suna tahowa daga nesa don su gan su, mu kuma muna shanya kaya a kai. Awa ɗaya da rabi ta isa, a dawo gida a karya kumallo.

Hanyar gonaki ta kudu

Wannan ita ce wadda muka fi so. Ana barin gari ta kudu, wajen Babban Tafki, a bi ƙananan hanyoyin da ke tsakanin gonaki. Lokacinta shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da aka kwashe gero da wake, ƙasa ta bushe, iska kuma ta yi sanyi. A nan ne muka lura da gawo da idonmu. Mun karanta a aji cewa yana zubar da ganye da damina ya fitar da shi da rani, saɓanin sauran itatuwa, amma gani ya kori ji: fili duk ya yi fari, shi kaɗai ya yi kore shar, awaki sun taru a gindinsa suna cin ƴaƴan. Wani manomi ya nuna mana ƙananan gawon da ya bari suka tsiro a gonarsa yana yi musu sassabe, ya ce gero ya fi kyau a ƙarƙashinsu. Irin wannan renon itatuwa ne ya sa aka san yankin Mirriya da Magarya da Matamaye har a ƙasashen waje. Dattawa kuma suna ba da labarin yadda sarakunan Damagaram na da suka tsananta hukunci kan mai sare gawo.

A wannan hanya muka yi kuskuren da ba za mu ɓoye ba. Ranar farko, biyu daga cikinmu suka yanke ta cikin wata garka don su rage tafiya, suka tattake kunyar albasa. Mai garkar ya fito ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya. Malam ya sa muka sauka duka, muka ba da haƙuri, muka gyara abin da ya gyaru da hannunmu. Da muka koma bayan mako biyu, shi da kansa ya yanko mana rake. Tun daga nan muka rubuta a shafin farko na littafin hanya cewa gona ba hanya ba ce, ko da an girbe ta.

Mirriya ranar Lahadi

Daga Zinder zuwa Mirriya kilomita 18 ne a kan babbar hanyar da ta nufi Gure da Diffa. Zuwa da dawowa 36 ke nan. In ana tafiya a natse, kilomita 12 a awa, awa ɗaya da rabi za ta kai mutum, ban da hutu. Lahadi ce ranar kasuwarta. Wanda ya isa da hantsi zai tarar da tukwane da tuluna da randunan da aka san Mirriya da su an jera su, ga kayan garka, ga manyan kukoki da suka girmi kakanninmu. Mun zauna wurin wata dattijuwa mai ginin tukwane, muka ce: "Iya, kwana nawa tulu yake ɗauka?" Ta ce mu fara tambayar inda ake ɗebo yumɓun. Ashe kafin tulun da ke tsakar gidanmu ya iso, an haƙa, an kwaɓa, an gina, an shanya, an gasa, an ɗauko. Tun ranar babu wanda ya ƙara fasa tulu a gida ya ce ai abin arha ne.

Sai dai dole mu faɗa: wannan hanya gudron ce, kuma ranar kasuwa motoci sun fi yawa. Don haka ta manyan aji ce kawai. Ana tafiya a layi ɗaya, a gefen dama, babba ɗaya a gaba ɗaya a baya. In an ji babbar mota, kowa ya sauka daga kan kwalta ya tsaya har ta wuce. Girman kai a gaban tirela hauka ne.

Tirmini

Ita tana yamma, a kan hanyar Takeita. A nan ne a shekarar 1899 dakarun Sarki Ahmadu Kuren Daga suka gwabza da sojojin Faransa, aka ci su, Turawa suka shiga Zinder. Shekara ɗaya kafin nan, a 1898, aka kashe Kyaftin Kazamaju a garin nan. Duk mun haddace waɗannan shekaru don jarrabawa, mun kuma manta su bayan jarrabawa. Amma da muka tsaya a filin, rana tana dukanmu, ƙafafu suna ciwo, Malam yana nuna mana ta inda aka ɓullo, babu wanda ya yi surutu. Wani a cikinmu ya ce a hankali: "Ashe nan kusa ne." Wannan tafiya tana son shiri, kuma ba a yinta sai da sanyin hunturu. Sau ɗaya muka yi ta, muna kuma roƙon a mai da ita al'adar aji na ƙarshe kowace shekara.

Akwai masu cewa mu kai har tafkin Gidimuni. Mun ji daɗin labarinsa da dabinonsa, amma ya yi wa keke nisa a yini guda. Wannan sai dai a mota, tare da makaranta. Sanin inda ƙarfinka ya tsaya shi ma yana cikin tsarin.

Abin da iyaye ke cewa, da amsarmu

Na farko, haɗari. Gaskiya ne akwai shi. Amma mu duba abin da ya karya hannun abokinmu: kama bayan mota, da yamma, a kan gudron, ba babba, ba wanda ya san inda suke. Duk abubuwan nan biyar ana iya cire su, keken ya rage. A fitarmu takwas ta bana, abin da ya same mu shi ne faci goma sha ɗaya, sarƙa ɗaya da ta tsinke, da gwiwa ɗaya da ta ɗan kurje.

Na biyu, karatu. Ana cewa yawo zai cinye lokacin hadda da bita. Mu muka san lokacin da ke ɓacewa, kuma ba keke ke cinye shi ba. Fita sau biyu a wata, daga asuba zuwa hantsi, ba ta kai awoyin da salula ke ci a mako guda ba. Mun ma yarda a sa sharaɗi: wanda bai ba da haddarsa ta mako ba, ba ya cikin tafiya. Malam ya gwada wannan, sai ga waɗanda aka saba bi da bulala suna zuwa da kansu ranar Juma'a suna cewa a saurare su.

Na uku, ana cewa yawon banza ne, ɗan mutunci ba ya gantali. Gantali shi ne fita ba niyya, ba izini, ba lokacin dawowa. Wanda ya gaya wa mahaifinsa inda za shi, ya tafi da malaminsa, ya dawo kafin azahar da abin da ya rubuta, ba a kira shi ɗan gantali ba. Kakanninmu da suka yi fatauci da neman ilimi a ƙafa har Kano da Barno, da zaman zaure suka yi da ba mu gaji abin da muka gada ba.

Na huɗu, ba kowa ke da keke ba. Wannan ita ce hujjar da ta fi damunmu, don ba ma son abin ya zama na ƴaƴan masu hali. Abin da muka yi shi ne karɓa-karɓa: rabin aji wannan fita, rabi fita ta gaba, masu keke su ara wa marasa shi. Kowa yana ba da dala ashirin a asusun faci da gyara. Mun kuma lura akwai kekuna da yawa da suka mutu a zaurukan unguwa, abin da suke so taya ce da birki. Wanda ya ba makaranta aron irin wannan, mu za mu gyara shi da hannunmu.

Ƴan uwanmu mata kuma sun tambaye mu: "Mu fa?" Tambayar tana kan hanya. Da yawansu da keke suke zuwa makaranta, kuma sun fi mu kiyaye doka a titi. Mu ba mu ne za mu yanke wannan ba, amma muna ganin in malamai mata da iyaye mata suka zauna, za a iya tsara musu tasu fitar, ko da zagayen Birni ne da safe. Garin nasu ne kamar yadda yake namu.

Alƙawarin da muka ɗauka

In aka amince, ga abin da muka ɗaure kanmu da shi, a kuma riƙe mu da wannan shafi:

1. Ba fita sai da izinin gida da sanin makaranta, tare da babba aƙalla ɗaya, biyu in gudron za a bi.
2. A tashi bayan asuba, a dawo kafin azahar. Ba fitar yamma. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba doguwar tafiya sam.
3. Da damina ba a tsallaka kwari mai ruwa, ba a shiga tafki wanka, ko wa ya iya iyo.
4. Daren tafiya kowa ya duba birki, iskar taya da sarƙa. Keken da ba birki ba ya fita.
5. Kowa da gorar ruwansa da ɗan guzuri, dabino ko ƙuli-ƙuli. A tafi da famfo, kayan faci da sifana.
6. Ba tsere, ba goyo, ba sakin hannu, ba kama mota. Wanda ya yi, ya huta wata biyu.
7. In an shiga ƙauye a sauka a gaida mutane. Ba a tsinkar mangwaro ko gwaiba sai an ba mu. Ba a ɗaukar hoton kowa sai ya yarda. Ledar da muka zo da ita, da ita za mu koma.
8. Tafiyar mafi rauni ita ce tafiyar kowa. Ba a barin mutum a baya.

Roƙonmu

Ga iyayenmu: ku kwance sarƙar nan, ku gwada mu wata uku. In mun saɓa, ku mayar, ba za mu ce uffan ba. Wanda ya iya, ya ara mana kansa ranar Lahadi ɗaya ya raka mu. Mun san da yawanku da keke kuka yi samartaka, kun kuma san hanyoyin da mu ba mu sani ba.

Ga shugaban makaranta da malamai: muna roƙon a karɓi littafin hanya a ajiye shi a ofis, kada ya tafi da mu in mun gama. A ba wa malami ɗaya alhakin abin, a sa fita uku ko huɗu a tsarin shekara.

Ga ƙannenmu da za su gaje mu: mun bar muku shafuka da yawa babu rubutu. Ba mu gwada arewa ba, wajen hanyar Tanut. Ku tambayi masu hanya, ku je, ku rubuta. Kada ku raina keke don wani ya wuce ku a babur yana hura hanci. Shi ya riga ku isa, amma ku tambaye shi abin da ya gani.

Abokinmu da ya karye ya warke, alhamdu lillahi. Shi ne yanzu mai duba birkin kowa kafin a tashi, kuma babu mai tsanani irinsa. Da muka karanta masa wannan rubutu kafin mu miƙa, abu ɗaya ya ce a ƙara: a gaya wa Baba ya yi haƙuri, a kuma gaya masa keken da ke zaure har yanzu yana da kyau, mai kawai yake so.



Ɗaliban aji na ƙarshe, Zinder